WA KE YANKE FARASHI: MAI LABARI KO MAI BIN BAYA?

Daga Wakilinmu na Arewa

Tun daga ran 29 ga watan Agusta 2023, sa'ad da ma'aunin Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya da ke Ikko ya haura maki 66,371, watau matsayin da rabonsa da takawa tun watan Maris 2008, zancen sayen hannun jari ya sake dawowa bakin jama'a. A watan Janairu 2024 ma'aunin ya ƙetare maki 100,000. A watan Maris na wannan shekara kuma Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, har aka ce duk bankin da ke hulɗa da ƙasashen waje sai ya mallaki Naira biliyan 500, aka sa wa'adi ran 31 ga Maris 2026. Nan da nan bankuna suka bazama neman kuɗi a hannun jama'a, talla ta cika rediyo da talabijin, har ta iske mai sayar da albasa a Mile 12 da mai goro a Shagamu a cikin wayoyinsu na hannu.

To, wanda aka yi wa irin wannan talla, in yana da 'yan kuɗin ajiya, abin da yakan fara tambaya shi ne, nawa hannun jarin yake, kuma zai tashi ne? Amma akwai tambayar da ta riga waɗannan, wadda ba a cika yi ba: wa ya yanke wannan farashi, kuma me ya sani sa'ad da ya yanke shi? Farashin hannun jari, da na Dala, da na sa a kara, duk tafiyarsu ɗaya. Kowanensu haɗuwa ce ta abin da masu saye da masu sayarwa suka sani, da abin da suke zato, da abin da suka ga bai cancanci su wahala su bincika ba. Wannan na ƙarshe kuwa shi ne ya fi cin dukiyar mutane a ƙasar nan.

DARASIN SABO

Bahaushen Kurmi ba baƙo ba ne a wannan fage, ko da bai taɓa shiga ofishin dillalin hannun jari ba. Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Badun a farkon shekarun 1960 yana nazarin fataucin shanu da goro, ya nuna cewa abin da ya riƙe wannan fatauci a hannun Hausawa ba yawan kuɗi ba ne kaɗai. Labari ne da amana. Goro ba ya jira, in ya daɗe ya lalace, saboda haka dole mai saye a Kurmi ya san halin da kasuwar Kano ko ta Sakkwato ke ciki kafin ya ɗaure huhu. Shanu kuwa bashi ake ba mahauta, saboda haka dole maigida da dillalansa su san wane mahauci ne ke biya, wane ne kuma ya ci bashin wasu a ɓoye. Baƙon da ya kawo shanu daga Arewa ba shi da hanyar sanin wannan, shi ya sa yake sauka a gidan maigida, yake biyan la'ada. La'adar nan, in an duba da kyau, rabinta kuɗin labari ne.

Zuwan wayar hannu a 2001 ya karya farashin labari. Abin da dā sai an jira direban babbar mota ko an buga waya a gidan waya, yanzu kira ɗaya ya wadatar. An ma auna amfanin wannan a Jamhuriyar Nijar, inda wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwanni daga 2001 zuwa 2006, ta tarar cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 daga cikin ɗari bayan isowar waya. Dalili a fili yake: ɗan kasuwan da ya ji gero ya yi tsada a can, ya yi araha a nan, sai ya ɗauka ya kai, har farashin ya kusanci juna. Sai dai labari kaɗai ba ya daidaita kasuwa in kaya ba su motsa ba. A ƙarshen Fabrairu 2021, sa'ad da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsai da kai kaya Kurmi bayan rikicin kasuwar Shasha, kowa ya san tumatir ya yi tashin gwauron zabo a Ikko, yana kuma ruɓewa a Arewa, amma sanin bai haɗa farashin biyu ba sai da aka buɗe hanya.

MAI BIYAN KUƊIN LABARI DA MAI LEƘE

Ga inda maganar ta yi zurfi. A ɗauka akwai 'yan kasuwa goma a kara. Biyu daga cikinsu suna kashe kuɗi, suna da yara a Potiskum da Maigatari masu gaya musu yawan shanun da suka shigo, da kuɗin mota, da halin kiwo. Sauran takwas ba su kashe ko kwabo. Aikinsu su zuba wa waɗancan biyu ido: in sun ga sun taya da ƙarfi, su ma su taya, in sun ga sun janye, su ma su janye. Ta haka labarin da biyu suka saya da kuɗinsu yakan shiga cikin farashi, kowa ya karanta shi kyauta.

Amma fa in har masu leƙe za su iya gane duk abin da masu labari suka sani ta hanyar kallon farashi kawai, to, mai labari ya yi hasara, domin ya biya kuɗi bai sami riba fiye da wanda bai biya ba. Gobe shi ma sai ya sallami yaransa ya koma leƙe. In kuwa kowa ya koma leƙe, to, wa ake leƙa? Farashi ya zama fanko ke nan, kowa na kallon kowa, ba wanda ya san komai. A wannan hali kuma duk wanda ya fara komawa neman labari zai kwashi riba mai yawa, wasu su gani su bi shi. Saboda haka kasuwa ba ta tsayawa a wancan gefe ko wannan. Takan tsaya ne a tsakiya, daidai inda ribar da mai labari ke samu ta biya masa wahalarsa, ba ta wuce haka da yawa ba. Wasu masana biyu na Amurka, Sanford Grossman da Joseph Stiglitz, su ne suka tsara wannan hujja a 1980, suka nuna cewa ba zai taɓa yiwuwa farashi ya ƙunshi dukkan labari ba muddin neman labari na cin kuɗi. Stiglitz na cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel a 2001 saboda nazari kan kasuwannin da wani ya fi wani sani.

Abin da ke ba mai labari sutura shi ne masu ciniki don larura. Wani ya sayar da sa don zai aurar da 'ya, wani don kuɗin asibiti, wani ya saya don suna ya taso. Waɗannan ba su san komai game da gobe ba, amma cinikinsu na motsa farashi. Saboda haka in mai leƙe ya ga farashi ya ɗaga, ba zai iya rantsewa ko mai labari ne ya saya ko mai larura ba. Cikin wannan ƙura mai labari ke cin abincinsa.

Akwai kuma wani zaɓi wanda ya fi wannan hatsari, watau irin labarin da mutum ya zaɓi ya nema. Yana iya neman sanin ainihin kayan: kamfanin nan me yake sayarwa, nawa ake binsa, nawa yake bi, ribarsa ta gaske ce? Ko kuma ya nemi sanin abin da sauran mutane za su yi gobe: wa zai saya, wane babban mutum aka ce ya shiga? Na farko yana da wuya, yana cin lokaci, kuma ribarsa na iya jinkiri. Na biyu yana da sauƙi, ana samunsa a majalisa da cikin waya. John Maynard Keynes na Ingila ya lura da wannan tun 1936, cewa yawancin 'yan kasuwar hannun jari ba ƙimar kaya suke lissafi ba, zaton jama'a suke lissafi. Kowane mai kai ragunan Layya Ikko ya san wannan ciwo. In bara an yi tsada, bana kowa ya ji labari iri ɗaya daga baki iri ɗaya, kowa ya loda mota, sai a wayi gari jajibere raguna sun fi masu saye yawa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Rijiya ɗaya suka sha duka, shi ya sa kuskurensu ya zama ɗaya. Da labarinsu daban-daban ne, da kuskuren wannan ya goge na wancan.

YADDA AKA KOYA WA JAMA'A RASHIN TAMBAYA

Kasuwar hannun jari ta Ikko an kafa ta a 1960, ta fara ciniki a 1961 da takardu 19. Ba ta shiga idon jama'a sosai ba sai da Gwamnatin Soja ta kafa dokokin 1972 da 1977 na mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa. A wancan zamani ba kasuwa ce ke yanke farashin sabon hannun jari ba, hukuma ce, kuma takan yanke shi ƙasa-ƙasa. Saboda haka duk wanda ya sami rabo ya ci riba, ko ya karanta lissafin kamfanin ko bai karanta ba. Labarin da ke da amfani a lokacin shi ne sanin ranar da fom zai fito da bankin da zai ba da rance, wannan kuwa mazauna Ikko da manyan ma'aikata su suka fi kusa da shi. Reshen Kaduna ma sai a 1978 aka buɗe shi, na Kano a 1989. Hukuma ba ta saki yankan farashi ba sai a 1993, amma darasin ya riga ya zauna a zukata: in an fito da hannun jari, a saya kawai, ba ya faɗuwa.

Da wannan darasi aka shiga shekarar 2004, sa'ad da Gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya ce kowane banki sai ya tara jarin Naira biliyan 25. Kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25. Daga nan suka ci gaba da komawa kasuwa suna neman ƙari. A shekarar 2007 kaɗai ma'aunin kasuwa ya tashi da kusan kashi 75 daga cikin ɗari. Malamin makaranta, da ɗan fansho, da ɗan tireda, kowa ya cika fom. Wasu sun sayar da fili, wasu sun ci bashin banki, aka riƙe hannun jarin da suka saya a matsayin jingina. Har kamfanonin da ba a ma sa su a kasuwa ba an yi rububin sayensu bisa alkawarin za a sa su nan gaba, wasunsu kuwa ba a taɓa sawa ba.

A wannan lokaci wa ke biyan kuɗin labari? Kusan ba kowa, domin ba ya biya. Wanda ya tsaya karanta lissafi ya ce wannan banki bai kai haka ba, sai ya ga maƙwabcinsa da bai karanta komai ba ya ninka kuɗinsa cikin wata shida. Alhali kuwa an riga an ga ishara. A 2006 aka gano cewa kamfanin Cadbury na Nijeriya ya yi shekaru yana kumbura lissafinsa da biliyoyin Naira, ga shi kuwa yana cikin waɗanda ake ganin sun fi kowa tsabta. Wannan ya isa ya sa a tambayi sauran. Ba a tambaya ba, domin farashi na hawa, hawan kuma an ɗauke shi shi ne hujja.

Abin da masu leƙe ba su sani ba shi ne, wanda suke leƙen ba mai labari ba ne, mai kayan ne da kansa. Malam Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo a 2009, ya bayyana a wata lacca da ya yi a Jami'ar Bayero ta Kano a watan Fabrairu 2010 cewa wasu shugabannin bankuna sun riƙa ba kamfanonin da suka kafa rancen kuɗin masu ajiya, ana sayen hannun jarin bankin da su don a ɗaga farashinsa. Watau mai kaya ya sa a taya kayansa. Shari'ar Musulunci ta san wannan tun dā, ta kira shi najashu, ta haramta shi, kamar yadda ta hana tare fatake a bayan gari a saye kayansu tun ba su san farashin kasuwa ba. Hani biyun nan duk a kan abu ɗaya suke, kada a gurɓata labarin da ke cikin farashi, kada kuma a ci da rashin sanin wani.

Ran 5 ga Maris 2008 ma'auni ya kai ƙololuwarsa, sa'an nan ya juyo. Masu jari na ƙasashen waje suka fara janye kuɗinsu saboda rikicin da ya taso a Amurka, bankuna suka fara neman bashinsu, masu bashi suka sayar dole, sayarwar ta ƙara karya farashi, karyewar ta jawo wata sayarwar. A watan Agusta 2008 mahukuntan kasuwar suka kafa doka cewa hannun jari ba zai faɗi fiye da kashi 1 cikin ɗari a yini ba, amma yana iya tashi da kashi 5. Wannan ɗaure ma'auni ne don kada ya nuna nauyin kaya. Masu saye suka gane farashin da ke allo ba na gaskiya ba ne, suka naɗe hannu, masu son sayarwa suka rasa mai taya. Bayan wata biyu aka janye dokar. Shekarar ta ƙare ma'auni na maki 31,450, a watan Maris 2009 kuwa ya sauka ƙasa da 20,000. Ran 14 ga Agusta 2009 Babban Banki ya sauke shugabannin bankuna biyar, Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank, ya zuba musu Naira biliyan 420. A watan Oktoba aka ƙara da wasu, jimlar kuɗin ta kai biliyan 620. A 2010 kotu ta ɗaure tsohuwar shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, wata shida, aka kuma karɓe dukiya mai yawa daga hannunta.

Masu murnar cewa kasuwa ta dawo matsayinta a 2023 ya kamata su ƙara da lissafi ɗaya. Shekara 15 aka yi ana jira. A farkon 2008 Dala ɗaya kimanin Naira 118 ce, a watan Agusta 2023 kuwa ta haura Naira 700 ko a farashin hukuma. Wanda ya saya a ƙololuwa ya riƙe, lambobi sun dawo masa, amma abin da kuɗin ke iya saye bai dawo ba. Wanda ya riƙe na bankunan da suka nutse kuwa, ko lambobin bai gani ba.

'YAN CANJI DA ALLO ƊAYA

Sana'ar canji ta nuna ɗaya fuskar al'amarin. Dā ɗan canji a Ikko yakan san farashi ne ta hanyar 'yan'uwansa na Wapa a Kano da na Zone 4 a Abuja, da kuma yawan masu nema da ya gani da idonsa. Daga baya sai jama'a, har da kamfanoni da jaridu, suka raja'a ga shafin intanet guda, AbokiFX, wanda ke buga farashin kasuwar bayan fage kullum. A watan Yuli 2021 Babban Banki ya daina sayar wa 'yan canji Dala. A watan Satumba Gwamnansa, Godwin Emefiele, ya zargi mai shafin da karya darajar Naira, shafin ya musanta, ya kuma dakatar da buga farashi. A lokacin Dala tana wajen Naira 570 a bayan fage, tana kimanin 410 a hukumance. Rufe allon bai tsai da komai ba. A watan Fabrairu 2024 Dala ta haura Naira 1,800, a sa'an nan kuma laifi ya koma kan dandalin Binance, aka tsare jami'ansa biyu, a watan Maris kuma aka soke lasisin kamfanonin canji 4,173.

Gaskiyar magana, ƙarancin Dala ne ya karya Naira, ba allo ba, kuma wanda ya fasa madubi bai gyara fuskarsa ba. Amma kukan hukuma ba duka ne banza ba. In dukan 'yan kasuwa suka bar duba abin da ke gabansu suka koma karanta lamba ɗaya a waya, to, duk wanda ya iya motsa wannan lamba da ɗan ƙaramin ciniki ya motsa kasuwar ƙasa baki ɗaya. Maganin wannan shi ne a yawaita alluna, a bayyana cinikin gaske da aka yi da yawansa, ba a rufe wanda ake da shi a bar mutane da jita-jita ba.

INDA BABU KAYAN KO KAƊAN

Ƙarshen wannan hanya shi ne inda ba abin da za a bincika sam, sai labarin wanda ya riga ya shiga. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskarar da asusun mutane a watan Disamba 2016, kuma Hukumar Inshorar Ajiyar Banki ta ce abin ya shafi kimanin mutum miliyan 3. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufe a watan Afrilu 2025, har mutanen da suka fusata suka afka wa ofishinta na Oke-Ado a Badun. Hukumar kula da hada-hadar hannun jari, SEC, ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Duba wannan ba ya cin minti biyar, domin hukumar na da jerin sunayen waɗanda ta yi wa rajista a shafinta. Amma hujjar da mutane suka zaɓa ita ce, wane ya sa, kuma an biya shi, na gani da idona. An biya shi kuwa, da kuɗin wanda ya shigo bayansa. Amanar nan da ta riƙe fataucin goro shekara da shekaru ita ce irin waɗannan mutane ke hawa, domin Bahaushe ya saba karɓar shaidar ɗan'uwansa. Bambancin shi ne, maigidan Sabo in ya tsaya wa mahauci, bashin ya ɓace, shi zai biya. Wanda ya kawo labarin CBEX kuwa lada ake ba shi kan kowane mutum da ya jawo, kuma ba abin da zai biya. Sabuwar dokar zuba jari da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris 2025 ta tanadi tara da ɗauri mai tsawo ga masu shirya irin wannan, amma doka ba ta dawo da kuɗin da suka riga suka ƙetare.

TSADAR LABARI GA MAI KARATUN HAUSA

Dole ne kuma a yi adalci. Neman labari bai zo daidai ga kowa ba. Kamfanin da ke kasuwa wajibi ne ya buga lissafinsa duk wata uku, da na shekara wanda masu binciken lissafi suka duba, kuma ana samunsu kyauta. Amma da Turanci suke, Turancin ma na akantoci, rahoton banki ɗaya yana iya kai shafi ɗari biyu ko fiye. Attajirin da zai iya ƙiyasta nauyin sa da ido, ya riƙe lissafin mota goma a ka, in an miƙa masa wannan takarda ya zama baƙo. A gare shi kuɗin labari ya ninka na ma'aikacin banki na Marina sau da yawa, saboda haka in ya zaɓi leƙe ba wauta ba ce, lissafi ne. Illar dai ita ce, a kasuwar da wasu suka sani wasu ba su sani ba, ribar na farko daga aljihun na biyu take fitowa.

Hanyar rage wannan tsada sananniya ce ga 'yan kasuwa, watau karo-karo. Ƙungiyar da ke iya ɗaukar lauya don rikicin rumfa tana iya ɗaukar akanta ya karanta wa 'ya'yanta lissafin kamfani da Hausa kafin su cika fom, da sharaɗi ɗaya, kada ya kasance yana karɓar lada daga mai sayar da hannun jarin. Ga masu gudun riba kuma an sami sauƙi: tun 2012 kasuwar na da ma'aunin Lotus na kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idar Musulunci, bankin Jaiz ya shiga kasuwa a 2017, a wannan shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na Naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Sai dai tacewar halal ta amsa tambayar malami ce, ba ta amsa tambayar ko farashin ya yi tsada ba. Akwai ma labarin da ya fi kowane sauƙi wanda aka yi sakaci da shi: a 2023 hukumar SEC ta ce ribar hannun jarin da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin Naira biliyan 190, ciki har da ta mutanen da suka saya da sunaye daban-daban, ko suka sauya gari, ko suka rasu magada ba su san da takardun ba.

Game da bankunan da suka fito neman jari tun 2024, tambayar da ta fi nauyi ita ce ta 2008, watau bashin da suka bayar nawa ne ke dawowa. Ran 13 ga Yuni 2025 Babban Banki ya aika wa bankuna takarda cewa duk wanda ke cikin sassaucin da aka yi musu kan wasu manyan basussuka ya dakatar da raba riba ga masu hannun jari da ba shugabanni garaɓasa, har sai ya gyara lissafinsa. Da kasuwa ta buɗe ran Litinin, hannayen jarin bankuna suka faɗi. Sassaucin nan ba sabon abu ba ne, ya samo asali tun zamanin annobar korona a 2020, kuma masu nazarin lissafin bankuna sun san da shi. Cikin 'yan kwanaki bankuna suka riƙa fitar da sanarwa ɗaya bayan ɗaya, kowane yana bayyana matsayinsa da lokacin da yake sa ran fita daga sassaucin, bayanin da yawancin ƙananan masu hannun jari ba su taɓa jin ko sunansa ba sa'ad da suke cika fom a 2024.